Ƙarti Biyar a Gaban Mahomes: Yadda Ake Gyara Katanga a Ƙwallon Amurka

Ranar 7 ga Fabrairun 2021, a birnin Tampa na jihar Florida, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta shiga wasan ƙarshe na gasar NFL, wato Super Bowl, tana riƙe da kofin shekarar da ta gabata, tana kuma da Patrick Mahomes, matashin da ake ganin babu kamarsa wajen jifa. Aka tashi 31 da 9, Tampa Bay Buccaneers ta yi musu kaca-kaca. Mahomes ya ƙare daren yana gudun ceton rai, ya yi baya, ya yi gefe, har na'urorin da ke auna motsin 'yan wasa suka ƙirga masa yadi 497 na zille-zille kafin ya samu sararin jifa. Hannunsa lafiya lau. Mutane biyar ɗin da ke tsaye a gabansa ne suka kasa.

Ga wanda bai saba kallon wannan wasa ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu kai hari suna da dama huɗu su ciyar da ƙwallo gaba yadi 10, in sun yi a sabunta musu damar. Jagoransu shi ne kwatabak, wanda ke karɓar ƙwallo ya jefa wa masu gudu a gaba, ko ya danƙa wa wani ya kutsa da ita. Abokan hamayya kuwa burinsu su kayar da shi tun ƙwallo na hannunsa. Tsakaninsa da su akwai ƙarti biyar, kowanne yakan kai kilo 140 ko fiye: ɗan tsakiya, wanda ke miƙa masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, masu gadi biyu, dama da hagu, sai 'yan gefe biyu a ƙarshen layi. Su ne katanga. A ƙa'ida ba a jefa musu ƙwallo, ba su cin maki, kuma da wuya mai sharhi ya ambaci sunan ɗayansu sai ranar da ya yi laifi. Aikinsu su sayo wa kwatabak daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku, su kuma buɗe wa mai gudu hanya.

Abin da ya sa gyaran katanga ya fi gyaran kowane sashe wuya shi ne, gwani ɗaya ba ya rufe asirin saura. In ƙungiya na da mai kama ƙwallo guda ɗaya na ƙwarai, sai a yi ta jefa masa. Katanga ba haka take ba. Kociyoyin abokan hamayya suna kwana suna kallon bidiyo don gano wanda ya fi rauni cikin biyar ɗin, su jera masa gwanin farautarsu, su yi ta bi ta kansa har a tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daren Tampa tsagewar ba ɗaya ba ce. Eric Fisher, ɗan gefen hagu, ya tsinke jijiyar agara makonni biyu kafin wasan. Mitchell Schwartz na gefen dama yana jinyar baya. Laurent Duvernay-Tardif, mai gadi kuma wanda ya karanta likitanci, tun farkon kaka ya ajiye wasa ya koma Kanada yana aiki a gidan kula da masu jinya saboda annobar korona.

Brett Veach, manajan da ke da alhakin ɗaukar 'yan wasa a Chiefs, bai tsaya yin faci ba. Cikin ƙasa da wata uku ya bi duk hanyoyi ukun da ake samun ɗan wasa a NFL. Ya sallami Fisher da Schwartz. Ya shiga kasuwa ya ɗauko Joe Thuney daga New England Patriots a kan dala miliyan 80 na shekara biyar. Ya yi musaya da Baltimore Ravens ya karɓo Orlando Brown don gefen hagu, inda ya sadaukar da damarsa ta zagayen farko a zaɓen matasan jami'o'i na shekarar. Gefen hagu yana da tsada ne domin mai jifa da hannun dama yakan juya wa wannan ɓangare baya, ba ya ganin abin da ke tahowa.

Kuɗi kaɗai ba zai yi ba, don gasar ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. A 2021 iyakar dala miliyan 182.5 ce, kuma mutum 53 za a biya daga ciki. Ba a iya sayen manya biyar. Dole biyu ko uku su zama matasa masu araha da aka tsamo daga jami'a, kuma a nan ne ake gane manajan da ke da ido. A zagaye na biyu Veach ya ɗauki Creed Humphrey na jami'ar Oklahoma a matsayin ɗan tsakiya. A zagaye na shida, a lamba ta 226, ya ɗauki Trey Smith na jami'ar Tennessee, wanda kowa ya san ƙarfinsa amma ƙungiyoyi suka yi ta tsallake shi saboda ya taɓa fama da daskarewar jini a huhu. Dukansu biyu suka fara wasa tun makon farko. A ganina wannan zaɓe ya fi cinikin Thuney muhimmanci, domin shi ya sa lissafin kuɗin ya yiwu.

Bayan an tara mutane, saura abin da ba a saye: sabo. Ɗauki misalin dabarar da masu tsaro suka fi so. Biyu daga cikinsu za su tsaya kusa da juna. Da an motsa ƙwallo, na waje ya faɗa ciki ya bangaji mai gadi, na ciki kuma ya ɗan dakata, ya zagayo ta bayansa ya bi ta waje. In mai gadi da ɗan gefe ba su fahimci juna ba, dukansu za su bi mutum ɗaya, ɗayan ya wuce salin-alin. Abin da ake so shi ne ɗan gefe ya tura nasa ga mai gadi da hannu, ya ji a kafaɗarsa cewa an karɓa, sannan ya juya ya tari mai zagayowa. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, a filin da ihun 'yan kallo ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Ɗan tsakiya kuma, kafin ya saki ƙwallo, shi ke duban jerin abokan hamayya ya nuna da yatsa wanda za a fara ƙirga daga kansa, kowa ya san nasa. Ya yi kuskure, duka biyar sun yi. Ga shi tun yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka rage atisayen da ake yi da cikakken sulke, saboda haka yawancin wannan sabo a cikin wasannin gaske ake samunsa. Ƙungiyar da ke canza jerin katangarta kowane mako tana cutar kanta.

Sakamako ya fito ranar 12 ga Fabrairun 2023 a Arizona. Chiefs ta haɗu da Philadelphia Eagles, wadda a kakar ta kayar da kwatabak sau 70. Mahomes yana ɗingishi da ciwon idon sawu, amma ko sau ɗaya ba a kai shi ƙasa da ƙwallo a hannu ba. Aka tashi 38 da 35, Chiefs ta yi nasara. Gaskiya filin ranar yana da santsi, abin da ya rage wa mafarautan Eagles kaifi, kuma koci Andy Reid ya taimaki katangarsa da gajerun jifa na gaggawa da yawan gudu da ƙwallo. Wannan ma gyara ne: kocin da ke sa kwatabak ya riƙe ƙwallo daƙiƙa huɗu yana jiran dogon jifa, ko wa ya jera a gabansa zai ga kamar ba su iya ba.

Ita kanta Eagles ta nuna wata hanyar, ta malami. A 2013 ta ɗauki Jeff Stoutland ya riƙa horar da katangarta. A 2018 ta ɗauko Jordan Mailata, ɗan wasan rugbi daga Ostareliya wanda bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba, a zagaye na bakwai na ƙarshe. Stoutland ya koya masa komai daga tushe: yadda ake durƙusawa, inda ake ajiye ƙafa, inda hannu ke sauka a ƙirjin abokin karawa don kada alƙali ya ce an riƙe, a mayar da ƙungiya baya yadi 10. Shekara biyu bai buga wasan gasa ba, daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan gefen hagu. Albashin koci ba ya cikin iyakar kuɗin da gasa ta gindaya, abin mamaki ne yadda wasu ƙungiyoyi ke yin rowa a nan.

Katanga kuma ba ta zama yadda aka gina ta. Brown ya koma Cincinnati Bengals a 2023. Humphrey ya girma, ya karɓi kwantiragin dala miliyan 72, arahar nan ta ƙare. A kakar 2024 Chiefs ta gwada mutum uku a gefen hagu ba wanda ya zauna, daga ƙarshe ta janye Thuney daga gurbinsa na mai gadi ta kai shi can, wuri biyu suka raunana a maimakon ɗaya. Ranar 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans, Eagles ta kayar da Mahomes sau shida da mafarauta huɗu kawai, ba tare da ta ƙaro kowa daga baya ba, ta ci 40 da 22. Wata guda bayan haka aka yi musayar Thuney zuwa Chicago Bears, aka riƙe Smith, wanda daga baya ya sa hannu a kan dala miliyan 94. A zaɓen watan Afrilu kuma Veach ya sake yin irin cacar da ya yi a 2021: ya ɗauki Josh Simmons na jami'ar Ohio State a lamba ta 32 don gefen hagu, matashin da wasu ƙungiyoyi suka ja baya da shi saboda tiyatar gwiwa.