Satar Shuka Na Addabar Masu Lambunan Haya A Ingila

Masu noman kayan lambu a ƙananan filayen da hukumomin garuruwa ke bayarwa haya a ƙasar Ingila sun daɗe suna kokawa da ɓarayin da ke tsallaka musu shinge da dare, suna tuge shuka, suna kwashe amfanin da ba su wahala a kansa ba. Ƙorafin kan ƙaru duk lokacin da abinci ya yi tsada, kuma dokar ƙasar da kamfanonin inshora ba su da wata sahihiyar hanya ta mayar wa manomin da abin da ya rasa.

Waɗannan lambuna, da Turawa ke kira alotmen, filaye ne da ake yankawa fegi-fegi a gefen unguwanni, ko bakin hanyar jirgin ƙasa, a ba mazauna gari su noma abin da za su ci. Girman fegi ɗaya bisa al'ada shi ne kimanin murabba'in mita 250, ko da yake a yanzu hukumomi da dama na raba shi biyu saboda yawan masu nema. Kuɗin hayar a wurare da yawa bai kai Fam 100 a shekara ba. Ƙungiyar masu lambunan ta ƙasa ta ƙiyasta cewa akwai fegi kimanin 330,000 a faɗin Birtaniya.

Dokar shekarar 1908 ce ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da filayen idan akwai buƙata, ta kuma ba mutum 6 daga cikin masu zaɓe ko masu biyan haraji na yanki damar rubuta takardar neman hakan. Sai dai dokar 1922 ta gindaya wani sharaɗi wanda shi ne tushen matsalar da ake ciki: dole ne akasarin abin da aka noma ya zama na cin mai lambun da iyalinsa. Wato ba gonar kasuwanci ba ce.

Saboda haka mai lambun ba shi da rasit, ba shi da littafin ciniki, ba shi da wata shaida ta kuɗin shiga da zai gabatar. Idan aka tuge masa layin albasa, ƙimar da za a yi wa asarar ita ce farashin albasar a kanti, wanda bai wuce 'yan Fam kaɗan ba. Ba a lissafa watannin da ya shafe yana renon iri a gida tun cikin sanyi, da takin da ya ɗauko, da ruwan da ya yi ta jigila da bokiti. Kuma a ƙasar da damar shuka yawancin kayan lambu sau ɗaya take zuwa a shekara, wanda aka kwashe wa dashe a watan Yuni sai dai ya jira baɗi.

Wani bincike da masana a Jami'ar Sussex suka bayyana sakamakonsa a shekarar 2021 ya nuna cewa masu noma a lambuna da filayen gida a birnin Brighton na samun kimanin kilo 1 na amfani a kowace murabba'in mita, abin da darajarsa ta kai kusan Fam 550 ga mutum ɗaya tsakanin watan Maris da Oktoba. Wannan kuɗi ne mai tsoka ga ɗan fansho, amma bai isa ya ɗauki mai gadi ko na mako guda ba. Manomin rani a Kadawa ko Kwanar Gafan na iya kafa bukka ya kwana kusa da tumatirinsa, domin cinikin zai biya wahalar. Takwaransa na Ingila kuwa, ƙa'idojin haya a mafi yawan wurare sun hana shi kwana a filin, ba kuma a ba shi wutar lantarki.

Ɓarayin iri-iri ne. Akwai mai wucewa da ke tsinkar 'ya'yan itace ta saman shinge, akwai matasa masu ɓarna don nishaɗi, sannan akwai waɗanda ke zuwa da mota su yashe fegi da dama a dare ɗaya. Waɗannan na ƙarshe ba amfanin gona kawai suke so ba. Sukan fasa ɗakunan katakon da ake ajiye kayan aiki, su ɗauki injin huɗa da na yanke ciyawa, su haɗa da ƙananan itatuwan tuffa da aka dasa, waɗanda sai sun shekara uku ko fiye kafin su fara ba da 'ya'ya. Akan yi zargin cewa irin waɗannan kaya na ƙarewa ne a kasuwannin gwanjo na ƙarshen mako, ko a shafukan saye da sayarwa na intanet, inda ba wanda ke tambayar asalin tukunyar shuka.

Wanda ya fi ci wa masu lambun tuwo a ƙwarya shi ne ɓarawon cikin gida. Idan aka wayi gari ƙofar filin na kulle da kwaɗonta, shinge bai taɓu ba, amma an zaɓi kabejin da ya fi ƙosawa an yanke shi da wuƙa yadda ya kamata, to kowa ya san mai maɓalli ne, kuma wanda ya san noma. Daga nan sai zargi ya shiga tsakanin maƙwabtan da suka shekara da shekaru suna musayar iri da aron kayan aiki. Dokar 1908 ta ba hukuma ikon korar wanda ya karya ƙa'ida da sanarwar wata 1, amma sai an samu shaida, kuma albasa ba ta da lamba.

A arewa maso gabashin Ingila, wato yankunan Durham da Northumberland inda a da ake haƙar kwal, abin ya ɗauki wani salo dabam. A can akwai tsohuwar al'adar gasar noman wani nau'in albasa mai kaurin wuya da ake kira lik, inda ƙungiyoyin ma'aikata ke ba da kyaututtuka masu daraja ga wanda nasa ya fi girma. An sha samun rahoton abokan hamayya da ke shiga da dare su sassare shukar wani ana gab da gasa, har ta kai wasu manoma na raba dare suna gadi a makonnin ƙarshe.

Tarihi ya nuna cewa hukuma ba ta ɗaukar lamarin da muhimmanci sai in ƙasa na cikin yunwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta yi yekuwar kowa ya noma abincinsa, inda yawan fegin ya kai kimanin miliyan 1.4 a shekarar 1943. Bayan faɗuwar Faransa a 1940 hanyar shigo da albasa ta toshe, ta zama abar nema ruwa a jallo, har ana sa ta a matsayin kyautar caca. A wancan zamani kotuna sun riƙa cin tara mai tsanani, wani lokaci da ɗauri, ga waɗanda aka kama da satar kayan lambu. Da yaƙi ya ƙare, abinci ya wadata, sai aka koma kallon abin a matsayin ƙaramin laifi.

A rubuce dai dokar ba ta da sassauci. Dokar sata ta 1968 ta ce duk wanda ya cire wani abu da ke haɗe da ƙasar da ba ta hannunsa ya yi sata, kuma hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 7. Rangwamen da ta yi ya shafi tsirran da suka fito da kansu a daji ne kawai, su ma in ba don sayarwa aka tsinka ba. Fasa ɗakin ajiya kuwa laifi ne da ya fi wannan girma. A da can, dokar 1922 ta taɓa tanadar tarar Fam 5 ga mai ɓarna a lambun haya, muddin an kafa sanarwar hakan a inda kowa zai gani. Fam 5 kuɗi ne na gaske a wancan lokaci.

Abin da ke wahala shi ne aiwatarwa. 'Yan sanda ba su da wani rukuni na musamman na wannan laifi a ƙididdigarsu, yana shiga cikin sauran sace-sace ne, kuma manoma da yawa ba sa ma kai ƙara saboda sun san amsar ba za ta wuce lambar rahoto ba. Inshorar kayan gida kuma sau da yawa ba ta fita harabar gidan, kuma inshorar da ƙungiyoyin lambu ke yanka galibi ta raunin da wani zai iya samu a filin ce, ba ta amfanin da ke cikin ƙasa ba.

Wanda ya ce zai kare kansa ma yana iya cin karo da hukuma. A shekarar 2008 majalisar gundumar Bromsgrove ta umurci wani mai lambu da aka yi wa sata sau uku da ya cire waya mai ƙaya da ya kewaye feginsa da ita, don gudun kada wani ya ji rauni a kai ƙarar majalisar. Abin ya jawo ce-ce-ku-ce a jaridu, amma yana da tushe: dokar 1984 ta ɗora wa mai fili wani nauyi na kiyaye lafiyar ko da wanda ya shigo ba da izini ba. A wannan shekarar ce kuma majalisar birnin Bristol ta shawarci wasu masu lambu da su daina kulle ɗakunan ajiyarsu, bisa hujjar cewa gyaran ƙofar da aka ɓalle ya fi abin da ke ciki tsada.

Dabarun da suka rage su ne na talaka. Akan shafa wa kayan aiki fenti mai ƙyalli ko a zana musu lambar unguwa don su yi wuyar sayarwa, a dasa itatuwa masu ƙaya a jikin shinge, a riƙa canza kwaɗon ƙofa, a girbe amfani tun bai gama ƙosawa ba. Wasu ƙungiyoyi sun sayi ƙananan kyamarori masu batir, irin waɗanda ake ɗaukar hoton namun daji da su, ko da yake su ma akan sace su.

Tsadar rayuwa ta shekarun baya-bayan nan ta ƙara jawo hankali ga lamarin. A watan Fabrairu na 2023 manyan kantuna irin su Tesco da Asda da Aldi sun ƙayyade yawan tumatir da tattasai da kokwamba da mutum zai saya, sakamakon rashin kyan yanayi a Sifen da Maroko, kuma a watan Maris hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 cikin 100, mafi girma cikin shekara 45. Abin da ke cikin lambu ya ƙara daraja a idon mai shi da kuma mai leƙe.

Masu neman fegi kuma sai ƙaruwa suke yi alhali filin na raguwa. Masana a Jami'ar Sheffield sun gano a 2020 cewa filayen lambunan haya a biranen da suka duba sun ragu da kashi 65 cikin 100 tun daga tsakiyar ƙarni na 20. Alƙaluman da aka tattara daga ƙananan hukumomi a 2023 sun nuna takardun nema fiye da 150,000 na jiran layi a Ingila kaɗai, wasu a Landan sun fi shekara 10 suna jira.

Wannan dogon layi ne ke ɓoye girman asarar ga hukumomi. Idan dattijon da aka yi wa sata sau biyu ko uku ya gaji ya mayar da maɓalli, ba a rasa ko kuɗin haya na wata ɗaya, domin nan take ake kiran na gaba a jerin, a miƙa masa fegin da shingen yadda yake.