Daga gishirin Bilma zuwa asirin amosanin jini

A unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, haka kuma a Tibiri da Jiratawa, ba a rasa gidajen da suka san amosanin jini, cutar da wasu ke kira sikila. Yaro na cikin wasa sai ciwon gaɓoɓi ya kayar da shi, uwa ta kwana zaune. An daɗe ana ɗora laifin a kan iskoki ko sammu. Asirin cutar bai tonu ba sai da masana suka binciki abin da ke cikin jini, har suka ga siffarsa.

Abin da ke ba jini launin ja wani furotin ne mai suna hemogulobin, shi ke ɗaukar iskar numfashi zuwa ko'ina cikin jiki. Ƙanƙantarsa ta wuce madubin likita. Dabarar ganinsa ita ce a sa miliyoyinsa su jeru sahu-sahu, su zama ƙwaya mai kusurwa irin ta gishiri, watau kiristal.

Masu gishiri a Bilma sun san tushen wannan aiki: ruwan gishiri na kwance cikin rami, rana na shanye shi, har gishiri ya fito. Amma furotin ba ya jure rana, kuma ba ya son gaggawa. Idan ruwa ya janye da sauri, sai ya dunƙule kamar gasara, aiki ya ɓaci.

Ga yadda ake yi. Da farko a tace furotin har ya rabu da kowane gauraye. Sa'an nan a haɗa ɗigonsa, wanda bai kai ƙwayar gero ba, da ruwan gishiri a kan ɗan gilashi. A kifa gilashin bisa wani ɗan kwano, ɗigo na rataye, a liƙe baki da mai. Ruwan cikin kwanon ya fi ɗigon gishiri, saboda haka sai ya riƙa janye ruwan ɗigon sannu a hankali. Ana ajiye kwanon a wuri mai digiri 4 ko 20, ba a girgiza shi. Bayan kwanaki, wani lokaci watanni, kiristal kan fito, sau da yawa bai kai rabin milimita ba. Akan gwada ɗaruruwan haɗi kafin a dace. Idan ƙwayoyin sun yi ƙanana, sai a niƙa su a zuba cikin sabon ɗigo su zama iri. Daga nan a haska kiristal da hasken X, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a lissafa siffar furotin daga yadda hasken ya watsu.

Max Perutz ya fara wannan aiki da jinin doki a Kambirij ta ƙasar Ingila a 1937, bai ga siffar hemogulobin ba sai 1959, bayan shekara 22. Ya sami kyautar Nobel a 1962. A can kuma, a 1957, Vernon Ingram ya nuna inda aibin yake. Hemogulobin na da igiyoyi 4 kamar na tasbaha. Biyu daga ciki na da duwatsu 146 kowace, kuma a jinin mai amosani dutse na 6 ne kawai ya sauya. A 1975 masana a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka bayyana kiristal na wannan hemogulobin mai aibi. Suka ga dutsen nan na maƙalewa jikin maƙwabcinsa idan iska ta yi ƙaranci, su zama dogayen zare. Irin wannan zare ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini.

Ashe cutar gado ce daga uwa da uba. Idan dukansu biyu suna da jinin AS, kowane ciki na da hatsari ɗaya cikin huɗu na zuwa da mai cutar. Don haka awon jini a asibiti ya kamata ya riga kai kuɗin aure.