Dutsen Dala: Mahaɗar tsofaffin abokai da gidaje ke neman cinyewa

A Makoda gonakin gero da dawa ne shimfiɗe iya ganin ido, shi ya sa mai sha'awar hawan dutse kan biyo hanyar Dambatta zuwa birnin Kano, inda Dala yake.

Tarihin Kano ya ce a kansa Barbushe, jagoran masu bautar Tsumburbura, ya zauna, ba ya saukowa sai ranakun bauta. Yau kuwa matasa ne ke hawansa a ƙarshen mako da lokacin Sallah. Abokan da neman abinci ya raba kan taka matakalar tare, su zauna a sama suna haki, suna hango Goron Dutse.

Sai dai gidaje sun matse gindinsa, ruwan damina na zaizaye jar ƙasarsa, shara kuma ta taru a gefe.