Rikicewar Bugun Zuciya: Magani Ko Lalas?

'Yan'uwana mata, a wannan mako ina so mu duba wani ciwo da yake cikin gidajenmu, amma ba mu cika sanin sunansa ba. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunku, ƙasan babban yatsa, ku saurara. Zuciya mai lafiya bugunta kamar lugude ne na gwanaye, taɓarya na bin taɓarya ba saɓani. To, akwai wadda tata sai ta yi sauri, ta dakata, ta sake ɓarkewa, kamar an sa yara a turmi. Mai ita takan ji faɗuwar gaba ba dalili, da haki, da jiri. Wata kuwa ba ta jin kome.

Ga abin da ke faruwa. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa. A wannan ciwo na saman sai su daina matsawa sosai, su riƙa karkarwa kawai. Jini ya kwanta a lungu, ya yi gudaji. Ran da gudajin ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai a ce wance ta wayi gari ɓarin jikinta ya shanye, har a ɗora wa iska. Mai wannan ciwo ta fi wadda ba ta da shi haɗarin shanyewar jiki wajen sau 5. Hawan jini da tsufa su ne manyan masu kawo shi. A ƙasarmu kuma akwai ciwon maƙogwaro na yarinta wanda ba a yi wa magani ba, ya koma ya lalata ƙofofin zuciya, har budurwa ta kamu.

Ba a gane shi da ka. Sai an je asibiti, kamar na Murtala nan Ƙofar Mata ko na Malam Aminu Kano, an yi awon da ake kira ECG, wanda ke zana bugun a takarda.

Hanyar farko ita ce magani, kuma aiki uku yake yi. Akwai mai rage gudun zuciya, irin su bisoprolol da digoxin. Akwai mai ƙoƙarin maido da bugun daidai, irin amiodarone, sai dai idan an daɗe ana shansa yakan taɓa huhu da hanta da ƙullin wuya. Na ukun shi ne nake so ku riƙe, watau mai hana jini daskarewa, gama shi ne ke tsare mutum daga shanyewar jiki. Tsohon cikinsu warfarin ne. Yana da araha, amma yana da ƙa'ida: sai ana awon jini a kai a kai, kuma ganyaye irin su alayyafo suna rage ƙarfinsa. Ba cewa aka yi a bar miyar ganye ba, a dai ci daidai wa daida, kada yau a cika tukunya, sa'an nan a yi wata ba a taɓa ba. Yana cutar da ɗan tayi, saboda haka mai ciki ko mai sa rai ta faɗa wa likita tun da wuri. Akwai sababbi da ba su bukatar yawan awo, amma a 2022 wani babban gwaji da aka yi a Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu ya nuna ga masu lalatacciyar ƙofar zuciya warfarin ya fi rivaroxaban tsare rai. Asfirin kuwa bai isa ba.

Hanya ta biyu na kira ta lalas, don ta yi kama da shi, ko da yake ba wanzami ne ke yi ba. A 1998 wani likita a Bordo ta Faransa, Michel Haïssaguerre, ya nuna cewa yawancin tartsatsin da ke rikita bugun daga bakin jijiyoyi huɗu da ke kawo jini daga huhu yake tashi. Sai a zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a ƙona kewayen bakin nan ko a daskarar da shi, tabon ya zama katanga. Ba a tsaga ƙirji, kuma kwana ɗaya ko biyu a sallami mutum.

Wanne ya fi? A 2019 aka bayyana sakamakon gwajin mutum 2,204, rabi lalas, rabi magani. Wajen mutuwa da shanyewar jiki ba a sami bambancin a zo a gani ba. Amma waɗanda aka yi wa lalas ciwon bai cika dawo musu ba, sun kuma fi jin daɗin jikinsu. Inda ya yi fice sosai shi ne ga masu raunin zuciya: a wani gwaji na 2018 mai mutum 363, su 24 suka rasu cikin masu lalas, 46 cikin masu magani.

Kada dai ku ɗauka yankan ƙauna ne da ciwon. Yakan dawo har a sake aikin. Ana iya zubar da jini a matsematsi, nadiran kuma wayar ta huda zuciya. Wadda zuciyarta ta riga ta buɗe saboda lalacewar ƙofa ba ta cika dacewa ba. Bayan haka, wadda haɗarinta ke da yawa za ta ci gaba da shan mai hana daskarewar jini ko an yi mata lalas. Masu yin aikin a Nijeriya kaɗan ne ƙwarai, masu hali sukan tafi Indiya ko Masar.

A ganina, kada gida ya sayar da gona don lalas alhali kuwa inna ba ta shan ƙwayar hawan jininta. A fara da magani, a bi awo. Idan an bi ƙa'ida amma haki da faɗuwar gaba sun ƙi barin ta, ko zuciyar ta soma rauni, sa'an nan a tambayi likitan zuciya ko lalas zai karɓe ta. Ku kuma 'yan makaranta, yau da dare ku taɓa wuyan hannun kakanninku na minti ɗaya. In kun ji luguden ya saɓa, ku gaya wa manya a kai su awo.