Iska Kyauta Ce, Kama Ta Ne Da Tsada: Darasin Lambar Rimi Ga Zamfara

A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, jihohi da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu, har da Zamfara. Mai walda a Tsafe, mai injin niƙa a Bunguɗu da mai sayar da ƙanƙara a Gusau duk suka koma kan janareta, ga shi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 fetur ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Wutar Gusau daga nesa take tahowa, ta layin da ya ratso Zariya da Funtuwa, kafin kamfanin Kaduna Electric ya raba ta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji ana tambaya: wannan iska da ke kaɗawa a banza a kan duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe, me zai hana a mai da ita lantarki?

Tambayar tana da makama. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon samar da wutarsu da rarraba ta. Nazarce-nazarcen da aka yi da bayanan hukumar yanayi ta NiMet sun sanya Gusau cikin wuraren da suka fi iska a Nijeriya, tare da Sakkwato, Katsina, Kano da Jos. Farashi ma ya faɗi a duniya: hukumar IRENA ta ce tsakanin 2010 da 2023 kuɗin samar da lantarki daga iskar tudu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100.

Sai dai lissafin injin iska ya sha bamban da na janareta. Janareta da arha ake saye, man da yake sha kullum ne ke cinye mai shi. Injin iska ba ya shan mai, amma kusan duk kuɗinsa a farko ake zubewa: turaku, fukafukai, kankaren gindi, hanyar da manyan motoci za su bi, taransifoma da layin da zai kai wutar gari. Yawancin kayan da kuɗin waje ake sayensu, galibi da bashi. Ruwan bashin kuwa ba ya jiran fanka ta fara juyi.

Sannan ƙarfin wutar ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun iska, tsalle yake yi. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka takwas. Wurin da iska ke gudun mita 6 a daƙiƙa ya fi mai mita 5 da sama da kashi 70 cikin 100. Ƙasa da mita 3 zuwa 4 fankar ba ta ba da komai, idan kuma guguwa ta kai wajen mita 25 sai injin ya tsaya da kansa don kada ya karye. Shi ya sa tashar da aka rubuta mata megawat 10 takan ba da kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wannan adadi idan aka haɗa shekara. Kuskure kaɗan wajen zaɓen wuri ya isa ya mai da riba hasara.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Lambar Rimi da ke jihar Katsina akwai fankoki 37, kowace mai kilowat 275, jimilla wajen megawat 10. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro aikin yana gwamna a 2005, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. Kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo injinan: fukafukai bibbiyu a kan turken ƙarfe mai tsawon mita 55, wanda ake iya kwantarwa ƙasa a yi gyara ba tare da ɗauko ƙaton kuren ba. Tsari ne da ya dace da karkara. Amma a Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai Nuwambar 2013. Aiki ya tsaya, ƙura da rana suka yi ta cin kayan da aka riga aka biya. Lokacin da aka sace shi dala tana wajen naira 160. A 2024 ta haura naira 1,500. Duk ƙarfen da ya lalace a zaman jira, da sabon farashi za a musanya shi. Ga jihar da ke fama da 'yan bindiga a dazukan Tsafe da Bunguɗu, kuɗin tsaro ba ƙarin bayani ba ne, yana cikin farashin kowace fanka.

Inda aka shirya, abin ya yi kyau. Tashar Taiba Ndiaye ta Senegal, mai fankoki 46 da megawat 158, an ƙaddamar da ita a 2020. Ta tafkin Turkana a Kenya tana da fankoki 365 da megawat 310, amma ita ma ta bar darasi: an gama kafa fankokin a 2017, layin wutar mai tsawon sama da kilomita 400 bai kammalu ba sai 2018, dole Kenya ta biya diyyar wutar da ba wanda ya kunna.

Ban da iska, akwai kuma wutar da ake samu daga cikar teku da janyewarsa, sai dai ita ba tamu ba ce. Amfaninta shi ne ana sanin lokacinta tun shekaru kafin ya zo, tunda wata ne ke jan ruwan. Madatsar La Rance ta Faransa tana aiki tun 1966 da megawat 240, ta Sihwa a Koriya ta Kudu tun 2011 da megawat 254. Amma tana buƙatar gaɓar da ruwa ke hawa da sauka mita da yawa, na Legas kuwa wajen mita ɗaya ne kawai. Ko Birtaniya a 2018 ta ƙi amincewa da aikin Swansea na fam biliyan 1.3 saboda tsada.

To, ina mafita ga Zamfara? Kafin a sayi ko fanka ɗaya, a kafa turakun awo masu tsawon injin da ake son sawa, a auna iskar aƙalla shekara guda cur, da hunturu da bazara da damina, domin awon tashoshin yanayi a tsawon mita 10 ake yin sa. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda za su iya riƙe wannan aiki, su kuma horar da masu gyara 'yan gida. Idan awon ya nuna akwai riba, a fara da ƙananan tashoshi masu haɗa iska da sola da batir kusa da kasuwanni da asibitoci, inda masu biya suke a shirye kuma ba a buƙatar dogon layi. Idan bai nuna ba, hasken rana yana nan.

Ranar da aka zo da alƙawarin tashar iska, mai karatu ya nemi amsar abu uku: ina sakamakon awon, wa zai tsare wurin, kuma wa zai sayi wutar a kan nawa. Duk kwangilar da ta kasa amsa su, bai kamata a sa mata hannu ba.