Shirya Aiki a Kwamfuta Kafin a Kai Shi Maɗaba'a

Gabatarwa

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a cikin jerin sababbin jami'o'in 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta zama a garin, buƙatar ɗab'i ta yawaita a wannan yanki. Ƙungiyoyin ɗalibai suna fitar da mujallu da kalanda, malamai suna buga littattafai, makarantun Kurfi da ƙauyukanta suna buƙatar takardun jarrabawa da na sakamako, ga katin ɗaurin aure da na walima, ga fastocin 'yan takara idan zaɓe ya gabato. Kusan dukkan waɗannan ayyuka a kwamfuta ake tsara su, a shagon buga takardu ko a ɗakin ɗalibi, sannan a ɗauke su a filash ko a aika ta waya zuwa maɗaba'a, a nan gida ko a Katsina, ko Kano, ko Zariya, ko Kaduna.

A tsakanin kwamfutar mai aiki da injin maɗaba'a ne ake yawan yin asara. Aikin da ya yi kyau a allon kwamfuta sai ya dawo launinsa ya dushe, hotunansa sun yi hazo, an yanke gefen rubutu, ko kuma haruffan Hausa masu lanƙwasa sun ɓace. Kuskure ɗaya a fayil kuwa, idan kwafi dubu aka buga, ya zama kuskure dubu. Wannan maƙala za ta bayyana dalilan waɗannan matsaloli ta fuskar kimiyya, da matakan da ake bi a kauce musu.

Taƙaitaccen Tarihi

Ƙasar Katsina tana da tsohuwar alaƙa da ɗab'in boko. A birnin Katsina aka kafa Hukumar Fassara a 1929 kafin a mayar da ita Zariya, inda aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A wancan zamani marubuci rubutunsa kawai yake miƙawa. Ma'aikatan maɗaba'a su ne ke jera haruffan dalma, su tsara shafi, su duba kurakurai.

Kwamfuta ce ta sauya wannan tsari. A 1984 kamfanin Adobe na Amurka ya fito da PostScript, wato hanyar da kwamfuta take bi ta bayyana wa injin bugu siffar shafi. A 1985 manhajar PageMaker ta fito, a 1989 kuma CorelDRAW ta biyo baya daga ƙasar Kanada, sannan a 1993 Adobe ya ƙirƙiro fayil ɗin PDF. Sakamakon haka, aikin da a da ƙwararru ke yi a cikin maɗaba'a ya dawo hannun mai aikin, tare da alhakin duk kuskuren da ke cikinsa.

Yadda Injin Bugu Yake Aiki

Manyan injinan da ke buga kwafi masu yawa sun dogara ne a kan abin da kowace mai girki ta sani, wato ruwa da mai ba sa haɗuwa. Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya fara amfani da wannan hikima wajen bugu a 1796, a kan faffaɗan dutse. A yau siririn farantin alminiyam ake amfani da shi. Ana zana hoton shafi a kansa ta yadda wuraren rubutu za su kama tawada mai maiƙo, sauran wurare kuma su kama ruwa su ƙi tawadar. Daga faranti tawada takan hau kan wata roba da ke naɗe a jikin gangar injin, daga robar kuma ta sauka a takarda.

Abin lura shi ne kowane faranti launi ɗaya tak yake ɗauka, kuma da zarar an zana shi ba a iya goge harafi a sa wani. Gyara yana nufin sabon faranti da sabon kuɗi. Akwai ƙananan injina na zamani da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba tare da faranti ba, waɗanda suka fi dacewa da kwafi kaɗan, amma su ma abin da ke cikin fayil suke bugawa, ba sa gyara shi.

Launin Haske da Launin Tawada

Allon kwamfuta da na waya haske suke fitarwa. Suna haɗa launuka uku na haske, wato ja da kore da shuɗi, su samar da duk sauran launuka. Idan ukun suka haɗu da cikakken ƙarfi sai a ga fari. Wannan tsari shi ake kira RGB. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Hasken rana ko na fitila ne ke sauka a kanta, tawada ta shanye wani sashe nasa, ragowar ya dawo idon mai karatu. Saboda haka duk tawadar da aka ƙara rage haske take yi, kamar yadda ƙyalle ke ƙara duhu duk lokacin da marini ya sake tsoma shi a baba.

Maɗaba'a tana amfani da tawada huɗu: shuɗi mai haske irin na sararin sama, ja mai ratsin shunayya, rawaya, da baƙi. Su ake kira CMYK, kuma kowace tana da farantinta. Launukan da waɗannan tawadu za su iya samarwa ba su kai yawan na allon kwamfuta ba. Kore mai ƙyalli da shuɗi mai walƙiya su ne suka fi shan wahala, domin sukan koma garje-garje a takarda. Don haka ya kamata mai tsara aiki ya zaɓi CMYK tun farkon aikin, ya ga kusan abin da zai samu, maimakon ya bari sai a maɗaba'a a juya launin ba da saninsa ba.

Baƙin rubutu yana da nasa sharaɗin. Ƙananan haruffa a yi su da baƙar tawada kaɗai, ɗari bisa ɗari. Idan aka bar baƙin RGB, kwamfuta takan rarraba shi a kan faranti huɗu, kuma da takarda ta goce ko da kaurin gashi ne yayin bugu, sai kowane harafi ya fito da inuwar ja ko shuɗi a gefensa.

Ɗigon Hoto

Duk hoton da aka ɗauka da kyamara ko waya tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Ƙa'idar da aka fi bi a bugun littafi da mujalla ita ce ɗigo 300 a kowane inci ɗaya na takarda. Lissafin mai sauƙi ne: a raba yawan ɗigon hoto da 300, abin da ya fito shi ne girman da hoton zai iya kaiwa ba tare da ya lalace ba. Alal misali, hoto mai ɗigo 1200 a faɗi da 900 a tsaye zai yi kyau a inci 4 da inci 3. Bangon littafi mai girman A5, wato milimita 148 da 210, yana buƙatar kimanin ɗigo 1750 da 2480. Idan aka ja ƙaramin hoto don ya cika wannan bango, kwamfuta ba ta da inda za ta samo bayanin da babu shi, sai dai ta faɗaɗa ɗigon da ke akwai, fuska ta yi hazo.

Wata hanyar da hotuna ke lalacewa ita ce aikawa ta WhatsApp. Manhajar takan matse hoto ta rage ɗigonsa don ya yi saurin tafiya. Wanda zai tura hoton shugaban ƙungiya ko na ango daga Kurfi zuwa ga mai tsara kalanda a Dutsin-Ma, sai ya tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar tura hoto da aka saba ba, ko ya kai shi a filash. Babban allon talla da ake kallo daga nesa ba ya buƙatar ɗigo 300, domin nisa yana ɓoye ɗigon.

Tambarin makaranta ko na ƙungiya kuwa, an fi so a zana shi da layuka a manhaja irin CorelDRAW. Irin wannan zane lissafi ne kwamfuta take ajiyewa, saboda haka ana iya faɗaɗa shi daga girman hatimi zuwa girman bango bai canza ba.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan matsala ta fi shafar masu rubutu da Hausa. Samfurin haruffan da aka tsara aiki da shi yana zaune ne a cikin kwamfutar mai aikin. Idan aka buɗe fayil a wata kwamfutar da ba ta da wannan samfuri, sai ta musanya shi da wani. Layuka su goce, shafi 40 ya koma 43, sannan ɓ da ɗ da ƙ su zama akwatuna ko alamar tambaya.

Kafin tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya yaɗu a kwamfutocinmu, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano sun ƙirƙiro samfuran haruffa na musamman domin Hausa. A yau kowane harafi mai lanƙwasa yana da lambarsa a Unicode, amma har yanzu ba kowane samfuri ne yake ɗauke da siffarsa ba. Wasu masu buga takardu kan kauce wa wahalar ta hanyar cire lanƙwasar gaba ɗaya, alhali ma'ana tana rataye a kanta. Baƙi daban, baki daban. Ƙura daban, kura daban. Haka ƙafa da kafa. Katin gayyata da ya ce ana maraba da manyan baki ya faɗi abin da mai biki bai nufa ba.

Rubutun Larabci da na ajami su ma suna buƙatar kulawa. Manhajar da ba a saita ta don rubutun dama zuwa hagu ba takan rarraba haruffan kalma ko ta juya jerinsu. Duk kalanda ko littafin da ke ɗauke da aya ko addu'a, wajibi ne wanda ya iya karatun ya duba shi bayan an gama tsarawa.

Maganin duk wannan shi ne a mayar da aiki PDF tare da cusa samfurin haruffa a cikin fayil ɗin. Akwai nau'in PDF da aka keɓe domin ɗab'i, mai suna PDF/X-1a, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 2001. Shi ba ya karɓar aiki sai haruffa suna ciki kuma launi na tawada ne. A ƙananan ayyuka kamar kati da fasta ana iya mayar da rubutu zane. Sai dai a ajiye kwafin asali, domin rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa.

Gefen Takarda da Jerin Shafuka

Ana buga aiki a babbar takarda ne, sannan a tara ɗaruruwa a yanke su da wuƙar inji. Wuƙar takan goce kaɗan. Saboda haka duk launi ko hoton da ake so ya kai bakin takarda, sai a zarce da shi milimita 3 a kowane gefe, yadda wuƙa za ta yanka a cikin launin. Katin A5 ke nan za a tsara shi a milimita 154 da 216. Rubutu kuma a janye shi ciki da aƙalla milimita 5 daga inda za a yanke, a kuma bar fili mai yalwa ta wajen ɗinki.

Shafukan littafi ba a jere suke hawa faranti ba. Mai karatu zai iya gwadawa: ya ninka takarda sau uku, ya rubuta lamba a kowane shafi, zai sami shafi 16, idan ya warware ta zai ga shafi na 1 yana maƙwabtaka da na 16, wasu shafukan kuma a kife. Wannan jeri aikin maɗaba'a ne, don haka a ba su shafuka ɗaya bayan ɗaya yadda za a karanta su. Abin da ya rage ga mai aiki shi ne ƙidaya. Mujallar da za a ɗinke da waya a tsakiya dole yawan shafukanta ya rabu da 4. Mai shafi 50 sai ta koma 48 ko 52. Kaurin ƙashin bayan littafi kuma ya danganta ne da yawan shafuka da nauyin takarda, saboda haka a tambayi maɗaba'a awonsa kafin a zana bango.

Gwajin Bugu

Mataki na ƙarshe shi ne a nemi kwafin gwaji kafin a zana faranti. A karanta shi a takarda, domin ido yakan tsallake kurakurai a allon kwamfuta. A ba wani wanda bai sa hannu a aikin ba ya sake karantawa. A bi sunaye da sarautu da ranaku da lambobin waya ɗaya bayan ɗaya, a kuma tabbatar ranar mako ta dace da kwanan wata, na Miladiyya da na Hijira. Wanda ya sa hannu a kan gwaji ya ɗauki alhakin abin da ke ciki, kuma ba shi da hujja a kan maɗaba'a idan kuskuren yana nan tun a gwajin.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin ɗalibi ko malami ko sakataren ƙungiya ya hau mota daga Dutsin-Ma ko Kurfi da aikinsa, ya kamata ya fara tuntuɓar maɗaba'ar ya ji girman takarda da irin fayil ɗin da suke karɓa. Daga nan ya tabbatar launi CMYK ne, hotuna sun kai ɗigo 300, an bar rarar milimita 3, haruffa suna cikin PDF, yawan shafuka kuma ya yi daidai. A ƙarshe ya buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta dabam, ya nemi kalma mai ƙ ko ɗ ya ga ko tana nan yadda ya rubuta ta. Binciken ba ya wuce rabin sa'a, kuma ya fi sauƙi a kan biyan kuɗin faranti da takarda sau biyu.