Yadda Ake Kai Sammaci

A hutun da ya wuce mahaifina ya kai ƙarar wani ɗan kasuwa da ya riƙe masa kuɗin gyaɗa, a kotun ƙananan basussuka, irin waɗanda aka buɗe a Kano a 2019. Na ce a ba ni sammacin in kai, sai magatakarda ya yi dariya. Ashe aikin masinjan kotu ne. Shi zai miƙa wa wanda ake ƙara takardar hannu da hannu, sa'an nan ya rubuta ranar da wurin. In mutumin ya ɓuya, sai alƙali ya ba da izni a liƙa ta a ƙofar gidansa. In aka saɓa wannan ƙa'ida, ana iya rushe hukuncin, mu koma farko, gama tilas ne a ba kowa damar kare kansa.